Inji Ma Yana Bukatar Likita: Darasi Daga Jikin Ɗan Adam Ga Masana'antunmu

Gabatarwa

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Wato me ya kai malamin kimiyyar halittu zancen injuna da masana'antu, alhali ga injiniyoyi nan da suka fi shi sanin ƙarfe? Wani abin baƙin ciki ne ya kai ni, kuma da shi zan fara.

A wani ɗakin gwaje-gwaje da na taɓa aiki muna da wata babbar firiza, wadda a cikinta wata ɗalibata ta adana samfurin jinin da ta shafe shekara biyu tana tattarawa ƙauye-ƙauye, domin bincike a kan zazzaɓin cizon sauro. Wata ranar Litinin cikin bazara, bayan ɗan hutu, muka buɗe ɗakin sai wari ya tare mu. Firizar ta tsaya, komai ya narke, aikin shekara biyu ya tafi. Da bakanike ya zo, bai yi minti biyar ba ya jawo ta daga jikin bango ya nuna mini bayanta. Ƙurar hunturu ta toshe bututan da ke fitar da zafi, fankar da ke hura musu iska ta cije, kwamfireso ya yi ta aiki cikin zafi har ya ƙone. Ya dube ni ya ce, "Dakta, da ana share nan da buroshi sau ɗaya a wata, da ba ku kira ni ba." Abin da ya fi ci mini rai shi ne, makonni kafin haka dukanmu mun ji firizar ta sauya ƙara. Kowa ya ji, har da ni, amma ba wanda aka ɗora wa alhakin dubawa.

Abin da ya faru da firizarmu shi ne ke faruwa da matatun mai da masaƙu da tashoshin lantarki da na ruwa, sai dai asararsu ta ninka tamu sau dubbai. Ra'ayina shi ne, kula da injuna ilmi ne mai zaman kansa, yana da ƙa'idoji da lissafi, kuma ya cancanci a koyar da shi tun daga sakandare, a ware masa kuɗi tun ranar da aka sayi inji, a kuma daraja masu yin sa. Hujjata ta farko daga fagen karatuna za ta fito.

Jiki gidan gyara ne

Ɗalibai kan ɗauka jikin mutum abu ne da aka gina sau ɗaya ya zauna. Gaskiyar magana, jiki yana raye ne saboda gyaran da ba ya tsayawa dare da rana. Jajayen ƙwayoyin jini, alal misali, kwana 120 ne kimanin rayuwarsu. Jiki ba ya jira su lalace su toshe hanyoyin jini. Saifa da hanta suna tsamo waɗanda suka tsufa, a farfasa su, a adana sinadarin ƙarfen da ke cikinsu domin sake amfani da shi, ɓargo kuwa yana ƙera sababbi kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Shimfiɗar cikin hanji, wadda abinci ke gogawa kullum, ana sabunta ta cikin kwana 3 zuwa 5. Ƙashi ma da muke gani kamar dutse, akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohonsa da masu gina sabo, har ta kai ana sauya kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan babban mutum a shekara. A gaɓoɓi kuwa akwai guringuntsi da wani ruwa mai santsi da ke hana ƙashi cin ƙashi, aikin da giris da baƙin mai ke yi a inji.

Gyaran ya kai har cikin sinadarin gado, wato DNA. A kowace ƙwayar halitta wannan sinadari yana samun dubban raunuka a rana, amma akwai wasu sinadarai masu sintiri a kansa, suna gano wurin da ya ɓaci, su yanke shi, su cike gurbin. Saboda gano yadda wannan aiki ke gudana ne aka ba Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2015. Yaran da aka haifa da naƙasa a ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyin gyara, hasken rana kaɗai kan jawo musu sankarar fata tun suna ƙanana.

Akwai kuma zafin ciwo, wanda muke ƙi, alhali shi ne ƙararrawar jiki. Wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a garin Vellore na kudancin Indiya a 1946, ya nuna cewa yawancin asarar yatsun da masu fama da kuturta ke yi ta samo asali ne daga mutuwar jijiyoyin ji. Mutum zai taka ƙaya ko ya ƙone bai sani ba, ya ci gaba da aiki da gaɓar, raunin ya ruɓe. Mai karatu ya riƙe wannan misali, domin za mu sake haɗuwa da shi a cikin masana'anta.

Yadda injuna ke mutuwa

Duk ɗalibin da ya karanta darasin yawan al'umma ya san cewa haɗarin mutuwa ba ɗaya ba ne a tsawon rayuwa. Yana da yawa a jarirai, ya sauka a ƙuruciya da samartaka, sa'an nan ya sake hawa a tsufa. Tun a 1825 wani masanin lissafi a Ingila, Benjamin Gompertz, ya nuna cewa a manya haɗarin yana ninkuwa a kai a kai, kuma ƙididdigar da aka yi daga baya ta nuna yana ninkuwa biyu kimanin kowace shekara 8. In an zana wannan a takarda, sai ya fito kamar kwale-kwale, gefe da gefe a ɗage, tsakiya a kwance.

Injiniyoyi sun ari wannan hoto. Sabon inji yana da nasa jarirantaka, lokacin da kuskuren ƙira ko na haɗawa ke bayyana. In ya tsallake wannan, sai ya shiga zamanin aiki lafiya, inda matsala ke zuwa jefi-jefi. Daga ƙarshe tsufa ya zo, boris ya cinye, bel ya saki, tsatsa ta ci bututu. Daga nan aka gina tunanin da ya daɗe yana mulki a masana'antu, cewa in dai ana kwance inji a kan lokaci ana sauya kayansa kafin su tsufa, ba zai ba da kunya ba. Tunani ne mai ma'ana, amma bincike ya nuna rabin gaskiya ne, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gano haka masanin halittu ne.

Abin da Waddington ya gano

Conrad Waddington masani ne a kan yadda ɗan tayi ke girma da kuma ilmin gado. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da rundunar sojan saman Ingila mai farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus. A 1943 shi da abokan aikinsa suka duba dalilin da ya sa jiragen sama da yawa ke zaune a ƙasa ana gyara. Ya yi abin da masanin halittu ke yi da dabbobin gwaji, wato ya ƙirga matsalolin da kowane jirgi ke samu, ya jera su bisa sa'o'in da jirgin ya yi a sama tun daga sabis ɗinsa na ƙarshe. Sakamakon ya ba kowa mamaki. Matsaloli sun fi yawa jim kaɗan bayan sabis, sa'an nan su riƙa raguwa, har lokacin da za a sake kwance jirgin. Kowace kwancewa tana kawo nata haɗarin: notin da ba a ɗaure daidai ba, wayar da aka ja, datti da ya shiga inda bai kamata ba. Da aka tsawaita tazarar sabis, aka kuma soke ayyukan da ba su da amfani, sa'o'in tashin jiragen suka ƙaru da fiye da rabi.

A 1978 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen sama na United Airlines, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka rubuta wa ma'aikatar tsaron Amurka rahoto a kan wannan batu. Sun gano cewa kashi 11 cikin 100 kaɗai na kayan jirgin da suka nazarta ke lalacewa bisa tsufa. Sauran kashi 89 shekarunsu ba sa nuna ranar da za su lalace, kuma kashi 68 sun fi ba da matsala ne lokacin da suke sababbi ko aka sake haɗa su. Wannan rahoto shi ne tushen tsarin da manyan masana'antu da yawa ke bi, inda ake tambaya a kan kowane ɓangaren inji: mene ne aikinsa, ta yaya yake lalacewa, me zai biyo baya in ya lalace, kuma wace alama yake nunawa kafin haka?

Likita ba ya yi wa mai lafiya tiyata kowace shekara don ya ga ko cikinsa lafiya. Yana auna zafin jiki, ya saurari bugun zuciya, ya gwada jini. Haka injiniyan kirki yake yi. Yana auna zafin boris, yana auna karkarwar inji da na'ura, yana ɗibar baƙin mai ya kai ɗakin gwaji a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, domin ɓurɓushin shi ke nuna wani wuri yana cinyewa. Abin da ke tsufa bisa lokaci, kamar bel da matatar iska da baƙin mai, a sauya shi bisa lokaci. Abin da ke ba da alama, a saurare shi. Abin da lalacewarsa ba ta cutar da kowa, kamar ƙwan fitilar baranda, a bar shi ya mutu a sauya. Sanin wane ne wane a cikin ukun nan shi ne ilmin da nake magana a kai.

Daren Bhopal

Wanda yake ganin wannan zance na kuɗi ne kawai, ya dubi abin da ya faru a birnin Bhopal na ƙasar Indiya, daren 2 ga Disamba wayewar 3 ga wata, 1984. A can kamfanin Union Carbide yana da masana'antar maganin ƙwari, inda ake adana wani sinadari mai tsananin guba, metil aisosayanet. Sinadarin ba ya shiri da ruwa. In suka haɗu sai zafi ya tashi, zafin kuma ya ƙara hanzarta haɗuwar. A daren nan ruwa ya shiga tanki mai lamba 610, wanda ke ɗauke da kimanin tan 40. Kamfanin ya ce wani ma'aikaci ne ya zuba ruwan da gangan, masu bincike na Indiya kuwa suka ce ya biyo ta bututan da ake wankewa ne. Ko ma wanne ne, an ƙera masana'antar da matakan kariya domin irin wannan rana, kuma ga halin da aka same su.

Na'urar sanyaya tankin, wadda ya kamata ta riƙe sinadarin kusa da sanyin ƙanƙara, an kashe ta watanni kafin haɗarin. Na'urar da ke wanke iskar guba da ruwan soda kafin ta fita ba ta cikin shirin aiki. Hasumiyar da ke ƙone iskar da ta tsere an raba ta da layin, domin an cire wani bututunta da tsatsa ta ci ba a mayar ba. Ruwan feshin da aka kunna bai kai tsayin inda iskar ke fita ba. Ma'aunan zafi da na matsi kuwa sun saba yin ƙarya, har ma'aikata suka daina gaskata su, don haka da allura ta fara hawa ba a razana da wuri ba. Wannan ita ce mutuwar jijiyar ji da muka gani a wajen Paul Brand: rauni yana ci, jiki bai sani ba.

Iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka ta kwanta ƙasa-ƙasa ta bi unguwannin talakawa da ke kewaye da masana'antar, mutane suna barci. Da yake tana haɗuwa da duk wata laima, idanu da maƙogwaro da huhu ta fara ci. Huhu ya cika da ruwa, mutum ya kasa numfashi kamar wanda ya nitse a kogi. Gwamnatin jihar Madhya Pradesh ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, wasu ƙididdigogin sun ninka haka sau da yawa, kuma fiye da mutum 500,000 ne suka shaƙi gubar. Kasuwar maganin ta yi sanyi a shekarun, masana'antar tana asara, aka yi ta tsuke bakin aljihu ta hanyar rage ma'aikata da horo da gyara. A 1989 kamfanin ya amince ya biya diyyar dala miliyan 470, rayukan kuwa ba abin da zai maido su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗan lissafi ga ɗalibai

Ga wani aiki da malamin lissafi zai iya bayarwa a aji. A ce masana'anta tana da injuna 10 a jere, kowanne yana miƙa wa na gaba, kuma kowanne yana aiki lafiya kwana 99 cikin 100. In ɗaya ya tsaya, duka sun tsaya. Damar dukansu su yi aiki a rana guda ita ce 0.99 a ninka da kanta sau 10, wato kimanin kashi 90 cikin 100. In injunan 50 ne, sai ta sauko zuwa kimanin kashi 60. In 100 ne, kashi 37 kacal. Ashe sakaci kaɗan-kaɗan a wurare da yawa ya isa ya durƙusar da babbar masana'anta, ko da ba wani inji guda da za a nuna a ce shi ne mai laifi.

Yanzu a juya lissafin. Famfo guda yana tsayawa kwana 10 cikin 100. In aka ajiye na biyu irinsa a gefe, damar su tsaya tare ita ce 0.1 sau 0.1, wato kwana 1 cikin 100. Jiki ma ƙoda biyu gare shi, kuma mutum yana iya rayuwa da ɗaya. Sai dai lissafin yana da sharaɗi: dole famfon ajiyar ya kasance lafiyayye. Kayan ko-ta-kwana suna da wata muguwar ɗabi'a, suna iya mutuwa shiru ba wanda ya sani, domin ba a kunna su kullum. Sai ranar bukata a tarar gawa ce. Maganin wannan shi ne gwaji a kai a kai, a kuma rubuta sakamakon. Matakan kariyar Bhopal a takarda suna nan cif, a zahiri kuwa babu ko ɗaya da ya tare gubar.

Mu dawo gida

Nijeriya ta gina matatun mai huɗu na gwamnati, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna wadda aka buɗe a 1980. A haɗe an tsara su tace ganga 445,000 a rana. Amma ƙasar ta shafe shekaru masu yawa tana sayar da ɗanyen mai tana sayo tataccen fetur daga waje, domin matatun ba sa aiki yadda aka tsara. Dalilan suna da yawa, akwai na siyasa da na shugabanci da fasa bututu, amma jinkirta babban gyaran da ya kamata a riƙa yi wa matata bayan 'yan shekaru yana cikin manyansu. A 2021 gwamnati ta amince da kashe dala biliyan 1.5 domin farfaɗo da ta Fatakwal kaɗai. Gyaran da aka ɗage ba ya gushewa, bashi ne da ke ƙara nauyi.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, babu kuɗi. Amsata ita ce, wanda ba shi da kuɗin baƙin mai, ina zai sami kuɗin sabon inji? Talaka ya fi mai kuɗi bukatar kula da kayansa. Matsalarmu a tsarin kasafi take: sayen sabo yana da biki da yanke ƙyalle da hoto a jarida, zuba giris kuwa ba wanda ke tafa masa. Shugaban da ya hana inji lalacewa ba shi da abin nunawa, domin bala'in da bai auku ba ba ya da hoto.

Na biyu, za a ce kayan gyara daga waje suke zuwa, ga tsada ga jinkiri. Wannan gaskiya ne, kuma ba na raina shi. Amma shi ne ma ya sa sauraron inji ya fi zama wajibi a kanmu. Wanda ya gane boris ya fara ciwo wata uku kafin ya fashe yana da lokacin yin oda. Wanda ya jira ya fashe zai rufe masana'anta wata uku yana jiran jirgin ruwa, ga albashi yana tafiya.

Na uku, wanda ya fi ɓata mini rai, shi ne masu cewa wai mu ba mu da al'adar kula da kaya. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san kafin damina ake yaɓe soro, a gyara indararo, a toshe tsaga. Ana yasar rijiya da rani. Manomi yana kai garmarsa maƙera tun kafin ruwan farko, makiyayi kuwa da kallo ɗaya yake gane saniyar da ba ta jin daɗi. Al'adar tana nan. Abin da ya faru shi ne mun riƙe ta a kan abin da muke gani namu ne, muka sake ta a kan abin da muke kira kayan gwamnati ko kayan kamfani. Japanawa sun magance irin wannan da wani tsari da kamfanin Nippondenso ya yi suna da shi a 1971, wanda Seiichi Nakajima ya yaɗa, inda mai aiki da inji shi ne ke share shi, ya zuba masa mai, ya duba shi kowace rana, bakanike kuwa ya ji da manyan ayyuka. Sharar ma dubawa ce, domin hannun da ke goge inji shi ke fara jin notin da ya saki ko man da ke yoyo.

Abin da makarantu za su iya yi

Ba sai an jira sabuwar manhaja ba. Kowace makaranta tana da janareta ko famfon burtsatse ko faifan sola ko madubin ƙara girma a ɗakin kimiyya. Shawarata ga malamai ita ce a buɗe wa kowanne littafi, kamar katin asibiti, a rubuta ranar da aka saye shi, da sa'o'in da ya yi aiki, da ranar da aka sauya masa mai, da kowace matsala da abin da ya jawo ta. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da na'urarsa, da sunan wanda alhakin ke wuyansa a kowane mako, ƙarƙashin kulawar malami, ban da taɓa wayar lantarki ko inji yana juyawa. A ƙarshen zango su zana jadawali, su lissafa matsakaicin sa'o'in da ke tsakanin matsala da matsala. Injin da ya yi aikin sa'a 950 ya kwanta sa'a 50, samuwarsa kashi 95 cikin 100 ce. Su nemi hanyar ɗaga wannan adadi a zango na gaba. Wannan kimiyya ce cikakkiya, akwai lura da aunawa da rubutawa da gwada zato.

Malamin kimiyyar halittu yana da nasa rabon. Da damina naman gwari kan tsiro a kan gilashin madubin ƙara girma in an ajiye shi cikin laima, har ya ɓata gilashin ɓaci na har abada. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Ɗalibin da ya koyi rufe madubi da adana shi a busasshen wuri ya koyi darasin ƙwayoyin halitta da na kula da kaya a lokaci guda.

Ga hukumomi kuwa, kada a sayi na'ura sai an ware kuɗin kula da ita na shekarun da za ta yi, an horar da wanda zai riƙe ta, an kuma karɓi littafin bayaninta an ajiye inda za a same shi. Tun ran gini ran zane. Sa'an nan a daina kallon mai shuɗiyar riga da baƙin mai a hannu a matsayin wanda karatu ya ƙi. Ina da digirin dakta, amma bakaniken nan ya san abin da ban sani ba, kuma rashin saninsa ya ci mana aikin shekara biyu.

Kammalawa

Ɗalibata ta sake komawa ƙauyukan, ta sake roƙon iyaye su bari a ɗibi jinin 'ya'yansu, ta kammala karatunta a makare. Sabuwar firizar da aka saya mun manna mata takarda a ƙofa, ana rubuta sanyinta safe da yamma, ana share bayanta ranar Juma'ar farko ta kowane wata, kuma akwai sunan mai yin aikin.

Ya ku ɗalibai, a cikinku akwai waɗanda za su riƙe matatun mai da tashoshin lantarki da injunan asibiti nan da shekara 20. Rayukan mutanen da ba ku taɓa gani ba za su rataya a kan ko kun gaskata ma'auni, ko kun gwada famfon ajiya, ko kun rubuta abin da kuka gani domin wanda zai karɓe ku aiki. Ku fara tun yanzu da keken gidanku da janaretan makarantarku. In kun ji ƙara ta sauya, ku tsaya ku duba, ku kuma gaya wa wanda ya dace. Hausawa sun riga sun faɗa, in kunne ya ji, jiki ya tsira.